Murjanin da Ya Yi Fari a Gidan Makoki

Jiya wani daga cikinku ya ce da ni wai haɗa akwatin kifi ba sana'a ba ce, gilashi biyar ne da gam, ko makaho zai iya. Ban yi fushi ba. Na dai dube shi, na dubi akwatin da ya haɗa shekaranjiya yana tsiyaya ta gindi kamar kwandon wankin shinkafa, na ce Allah ya ba makahon sa'a. Kun taso kun tarar da gam mai kama gilashi cikin yini guda, da injin iska da ake soka wa a bango, da gishirin teku a leda, shi ya sa kuke ganin abin wasa ne. To ku gyara zama, tunda yau kasuwar ta yi sanyi, in gaya muku yadda aka yi na san ruwa.

Ni da gemuna na shiga sana'ar nan, har da mata a ɗaki. Noma nake yi a bayan gari, nan Birnin Gwari, in rani ya yi sai zaman gindin bishiya. Wani rani ne na maƙale wa Baba Yohanna, kafinta ne mutumin kudancin Zariya, wanda aka kawo ya sa tagogin makaranta, garin ya yi masa daɗi ya ƙi tafiya. Kayan aikinsa na gilashi ba su cika aljihu ba: ɗan lu'ulu'u a bakin ƙota, yana kwana cikin gwangwani da tsumman kananzir, sai miƙaƙƙen katako, da filaya, da dutsen goge baki. Bai taɓa ce mini duba ba, kullum sai ya ce saurara. In yanka ya yi daidai, ƙararsa siririya ce kamar ta sauro a kunne. In ka ji ƙarar-ƙarar kamar ana jan kwano a tsakuwa, to ka ɓata. Kuma ba a bin layi sau biyu. Ranar da na bi sau biyu, bai zage ni ba, karɓe lu'ulu'un ya yi ya ba ni tsintsiya, na yi ta sharar shago har aka fara shuka.

Masu ciniki da mu a lokacin masu burodi ne da masu tsire, ana yi musu akwatin da ƙuda ba ya shiga, sai iyayen amare masu neman madubi, sai malaman makaranta duk sanda ƙwallo ta yi aikinta. Ban manta wani mai shago ba da ya taho tun daga tasha hannuwansa a buɗe a gabansa, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi kada a ba shi hannu, awon tagarsa ya riƙo. Baba Yohanna ya gaishe shi da kyau, ya tambaye shi ko ya yi tuntuɓe a hanya. Ya ce sau ɗaya dai. Baba ya ce to mu je mu ga tagar.

Aikin da ya juya mini rayuwa ya zo ne bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da alhazai suka dawo. Akwai wani ɗan garinmu, Alhaji Mamman, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya, ya zauna can yana aikin jiragen ruwa har ya yi furfura. An daɗe da yanke ƙauna da shi, sai ga shi ya sauka a jirgin sama a Kano, da matarsa Hajiya Zahra'u. Ita iyayenta mutanen ƙasar nan ne, amma can Sawakin aka haife ta, a bakin teku. Hausa take yi mai gauraye da Larabci, kuma ba ta taɓa ganin kukar miya a bishiya ba sai a nan. Kowane alhaji yana dawowa da jarkar zamzam, su sai ga su da jarkoki rututu. Ƙanwar Alhaji, wadda kowa ke kira Gwaggo Hure, ba ta jira an ba ta ba, ta tsiyaya daga ta farko ta yi bisimilla ta kurɓa. An ce sai da ta yi hawaye. Ruwan teku ne.

A ranar aka aiko mana. Muka tarar da Hajiya durƙushe gaban wani bahon roba da aka rufe da jiƙaƙƙen zane. Ta yaye zanen, sai ga wasu duwatsu masu ramuka-ramuka, a kan babban cikinsu wani abu mai rassa uku kamar danƙareriyar citta. Ta ce murjani ne. Gaskiya raina bai so ba. Ni murjanin da na sani ja ne, a hannun amare, wannan kuwa launinsa kamar daddawa. Ta lura da fuskata ta yi dariya, ta ce wanda nake gani a hannun amare ƙashin ɗan'uwansa ne, wannan yana da rai, yana ci, yana jin zafi, kuma ɗaki take so a yi masa.

Akwatin nan mun sha wuya a kansa. Babu gam a zamanin. Maƙeri ya haɗa mana firam na ƙarfen kusurwa, muka dafa kwalta muka shafe shi ciki da waje, don Hajiya ta ce in ƙarfe ya taɓa ruwan gishiri to guba ya zama. Muka kwantar da gilashi mai kauri a cikin kwaltar tun tana da ɗumi, muka cika shi da ruwan rijiya muna zubarwa har warin ya fita. Iska kuwa, tunda babu lantarki, Baba Yohanna ne ya yi dabara. Tiyub ɗin babbar mota ya samo, a cika shi da famfon keke safe da yamma, a jawo siririyar roba irin ta ƙarin ruwan asibiti, a matse ta da tsinke biyu don iskar ta riƙa fita a hankali, a toshe bakinta da guntun gawayi. Sai ka ga kumfa ƙanana suna tashi a jere ba hayaniya. Ruwan teku kuma ba sai an koma Bahar Maliya ba. Hanyar Ikko ta bi ta garinmu, kuma akwai wani direban babbar mota, Sule, ɗan yayar Alhaji, shi yake ciko jarkoki in ya sauke kaya a can. Da muka gama, Baba Yohanna ya goge hannunsa ya ce shi nasa gilashi ne, abin da ke cikin gilashi ba ruwansa, in ina so in ɗauka. Haka na zama ɗan aikin ruwa.

Ɗakin da aka ajiye shi yana da 'yar taga ta gabas. Da hantsi rana takan shigo ta faɗa cikin ruwan, sai haskenta ya haye rufin ɗaki yana rawa a hankali, kai da ke zaune ka ji kamar kai ne a ƙarƙashin ruwan. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Mariga ba, a ɗakin nan na yi ta zuwa teku ina dawowa. Duwatsun kansu ba a gama saninsu. Yau ka ga wata tsutsa mai kai kamar fure ta buɗe, gobe ka ga ɗan kaguwa bai kai ƙwayar gero uku ba. Hajiya takan zauna a kan buzu tana ba da labarin mahaifinta da ke nutso ya ɗebo katantanwar lu'ulu'u, da gidajen garinsu da aka gina da dutsen murjani, waɗanda in iskar yamma ta taso sai ka ji bangon yana warin teku. Alhaji yana gefe yana jan carbi, in ta yi ƙari ya ce, «Zahra'u, ba haka girman kifin yake ba.» Ta ce shi a kan jirgi yake, ita ce ta gan shi a ƙasa.

A nan ta koya mini abin da babu shi a shagon gilashi. Kada hannu mai sabulu ko kananzir ya shiga ruwan. A ja layi a jikin gilashi daidai bakin ruwa, in ya ragu a cika da ruwan sama zalla, don ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Kullum a ɗanɗana, harshe ba ya ƙarya in ya saba. Kuma duk abin da za ka canja, ka canja shi yadda murjanin ba zai lura ba. Matata Ladi ma ta zama 'yar gida, a hannun Hajiya ta haifi 'yarmu ta fari. Ni Ɗanlami sunana, amma ita «ɗana» kawai take ce mini.

Sai muguwar shekarar nan ta zo. Damina ta ɗauke tun dawa ba ta gama fitar da kai ba, rijiyoyi suka ja baya, bazara ta shigo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A tsakiyar zafin Alhaji Mamman ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Mu maza muka kai shi, muka zauna a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Cikin gida kuwa mata ne maƙil, dangi daga Kakangi da ƙauyukan bakin daji, ba hanyar da namiji zai ratsa. Na ba Ladi famfo na ce ta riƙa cika tiyub, hankalina ya kwanta.

Abin da ban sani ba, wuri ya yi wa baƙi kaɗan. Gwaggo Hure ce mai kula da masauki, kuma mace ce da ba ta iya ganin baƙo a tsugune. Ta sa aka kwashe rabin ruwan a bokitai, aka cicciɓi akwatin aka fitar tsakar gida don tsofaffi su sami wurin shimfiɗa. Ba da mugunta ta yi ba. Ta ma zaɓar masa wuri mai rana, don a wurinmu duk abin da ya daɗe a ɗaki ai shanya yake so. Ta ga gansakuka a jikin gilashin ta ce abin kunya ne baƙi su gani, ta sa soso ta goge tas. Da ruwa ya ragu, ta cika daga jarkar teku. Ladi tana can wajen tukwanen sadaka, ta ga an tsabtace abu, ba ta ga laifi ba. Hajiya kuwa tana ƙuryar ɗaki ba ta san inda kanta yake ba.

Sai bayan addu'ar uku na samu shiga. Na tarar da mata sun kewaye akwatin suna sha'awa. Wata ta ce, «Malam Ɗanlami, zo ka ga yadda ya yi fes, ashe dauɗa ce ta rufe shi.» Na duba. Fari ƙal, kamar audugar da aka gama shiɓa, rana tana ratsa shi yana ɗaukar ido. Ban taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba, kuma wannan shi ne muguntar abin. Na tsoma yatsa, ruwan kamar na wankan jariri. Na kai baki, gishiri ya ƙone mini harshe. Na zauna a kan turmi.

Ku riƙe wannan, don masu saye za su zo muku da shi suna murna. Farin murjani yunwa ce. Launin daddawar nan da na raina, wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya rarrabewa, suna zaune cikin namansa, su sha haske su ciyar da shi. In zafi ko rana ko gishiri ya yi yawa sai su watse, naman ya koma garai kamar ruwa, ƙashin ya bayyana. Hajiya takan ce baƙinsa ne suka tashi. Bai mutu ba tukuna, amma babu mai dafa masa. In an lallaɓa shi baƙin na iya dawowa, in kuwa gansakuka ta riga su hawa ƙashin, to shi ke nan.

Ni na je na faɗa wa Hajiya. Tana takaba, saboda haka daga bayan asabari muka yi magana. Ashe tun kafin rasuwar, ƙaninta ya aiko daga Sawakin ta bakin alhazai cewa in zama ya ƙi, ƙofarsa a buɗe take.

Ta ce, «Ɗana, mu biyu Alhaji ya ɗauko daga bakin teku, ni da murjanin nan. In ƙasar nan ta ƙi shi, ni ma ta ƙi ni. Ranar da na fita takaba, in ya mutu, Sule ya kai ni Kano in hau jirgi.»

Na ce, «Hajiya, in kuma ya rayu fa?»

Ta ce, «Sai ka fara rayar da shi tukuna.»

Ban so ta tafi ba, ko kaɗan. Uwata ta rasu tun ina ƙarami, kuma ban san ina kewar uwa ba sai da na ji ana maganar jirgin nan.

Abu na farko da zuciya ke ce maka shi ne ka kwara masa ruwan sanyi, kuma shi ne zai ƙarasa shi. Na fara da rufa masa tabarma a inda yake, ruwan ya huce da kansa. Da yamma muka mai da shi wani tsohon ɗakin ƙasa kusa da zaure, mai rufin ciyawa da bango mai kauri, inda ake ajiye kabewa don sanyinsa, kuma inda zan iya shiga ba tare da na ratsa cikin gida ba. Na naɗe akwatin da buhun algarara ina yayyafa masa ruwa. Na je wajen wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane na sayi sababbin randuna, don sabuwar randa mai gumi ta fi sanyaya ruwa. Na binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi, na cika kwalabe na toshe na jefa ciki. In rana ta take sai in ɗauko kwalba mai sanyi in sa ta yi iyo cikin akwatin, in ta yi ɗumi in canja wata. Tagar ɗakin kuwa na rataya mata asabari mai ƙulli sosai, haske yana shigowa kamar na asuba.

Gishirin ne ya fi ba ni wuya. Dole a rage shi, kuma da ludayi, ba da bokiti ba. Ga randar ruwan sama da Hajiya ta tara tun damina, baƙin makoki sun shanye. Ruwan rijiya ya koma ja, yana ɗanɗanon kanwa. Mai tukwanen ce ta ji ina ƙorafi, ta kwatanta mini wani idon ruwa a cikin daji, bayan Kakangi, ƙarƙashin wani falalen dutse inda suke ɗebo yumɓu. Sai na riƙa ɗaure jarkoki a keke ina fita bayan sallar asuba. A lokacin dajin nan namu ne. Ka yi ta tafiya ƙarƙashin doka da maɗaci ba ka gamu da kowa ba sai Bafillace da sandarsa, ku gaisa, ya ba ka nono in yana da shi. Ko'ina ya bushe, ganye yana ƙara a ƙarƙashin taya, amma in ka sauka kwarin sai sanyi ya tare ka. Ruwan yana ɗiga daga tsagin dutse cikin wani ɗan gurbi, garai, malam-buɗe-littafi sun yi dafifi a bakinsa. Nakan zauna ina jira jarka ta cika, hasken da ke ratsowa ta ganye yana rawa a jikin dutsen, irin rawar da yake yi a rufin ɗakin Hajiya. Sau da yawa sai in rasa ko a daji nake ko a tekun da ban taɓa gani ba.

Mutane sun yi magana, kuma ban ga laifinsu ba. Mata suna kwana a layin rijiya, wani yana shayar da dutse. Sai na riƙa raba abin da na ɗebo, jarka ɗaya ta maƙwabta, ɗaya ta murjani, maganar ta lafa.

Gwaggo Hure kuwa, tun ranar da ta gane abin da ya faru ta kasa zama. Yau ta zo da turaren wuta, gobe da sassaƙe, jibi ta ce ko a ɗiga masa zuma. Na yi ta ba ta haƙuri, har ranar da ta ce, «Kai ɗan nan, ka ba ni aiki ko in sami na kaina.» Na tsorata da na kan nata, sai na miƙa mata mafici na ce iska a saman ruwa tana sanyaya shi. Daga ranar, duk tsakar rana tana zaune gaban akwatin tana fifita, tana yi masa hira kamar majinyaci, tana ba shi labarin ƙuruciyar Alhaji. Ba ta yi fashi ba ko ranar kasuwa.

Ciyarwar da sassafe nake yi, kafin haske ya yi ƙarfi, lokacin da mai lafiya kan fito da 'yan yatsunsa ƙanana yana laluben abinci. Busasshen jatan lande nake saya wajen masu kayan miya 'yan kudu, in daka shi lilis, in jiƙa, in tace, in zuƙi ɗan ruwan a karan gashin zabo in busa masa a hankali. Kaɗan, don abin da bai ci ba ruɓewa yake ya ɓata ruwa. Na daɗe ina busa wa farin ƙashi abinci babu yatsa ko ɗaya. Reshen dama ne ya fara tafiya. Na wayi gari na ga wani kore-kore kamar gashin jariri ya hau kansa. Ba a jima ba na tsakiya ya bi shi. Saura na hagu, gajeren cikinsu, wanda yake kallon ƙasa.

Duk tsawon lokacin nan Hajiya ba ta taɓa zuwa ta duba ba, ba ta kuma tambaye ni launinsa ba. Dama yanar ido ta fara rufe mata gani, kukan rashin Alhaji ya ƙara. In na gaishe ta daga bayan asabari, abu ɗaya take tambaya, ko na ɗanɗana. In ce na ɗanɗana. Sai Ladi ta riƙa zuwa mini da labari: yau Hajiya ta rabar da tukwanenta, yau ta ba wance tabarmarta, yau ta shirya zannuwanta a akwatin ƙarfe.

Wata rana da azahar Gwaggo Hure ta aiko a kira ni maza. Na tarar ta ajiye mafici tana share ido da gefen mayafi. Ta ce shi ke nan, na ƙarshen ma ya fara ruɓewa. Na durƙusa na leƙa ta ƙasa. A gindin reshen hagu, inda haske bai cika kaiwa ba, wani ɗan tabo ne ruwan ƙasa, kamar lallen da ya kusa gogewa a farce. Ba kore ba, kuma ba gashi. Na ce, «Gwaggo, dauɗar nan da kika wanke ce take dawowa.» Ta dube ni, ta dubi tabon, ta ce ita dai ba za ta taɓa gane abin mutanen teku ba, ta ɗauki maficinta.

Daga nan aikin ya koma na asabarin taga. Baƙin da suka fara dawowa haske suke so, amma in ka buɗe musu gaba ɗaya za su sake gudu. Sai in zare tsinke ɗaya daga asabarin in bar shi kwanaki. In na ga tabon ya faɗaɗa, in zare wani. In na ga ya tsaya, ni ma in tsaya. Ana cikin haka ruwan sama ya sauka, bayan an gaji da duban gabas. Na bar na farko ya wanke rufi, na tari na bayansa. Garin ya yi sanyi, kwalabe suka huta, Gwaggo Hure dai ba ta daina fifita ba.

Ranar fitar takaba da hantsi, Sule ya tsayar da mota a bakin titi, ya taho daga Ikko zai wuce Kano. An riga an fito da akwatin ƙarfe zaure. Hajiya ta yi wanka ta canja tufafi, Ladi ta riƙo hannunta har ɗakin kabewa, Gwaggo Hure na biye. Ta rame ƙwarai. Ta tsaya gaban gilashin tana ƙifta ido, na san haske kawai take gani.

Ta ce, «Ɗana, faɗa mini, kuma kada ka yi mini kara.»

Na ce, «Biyu sun mutu, Hajiya. Ɗaya ya dawo, shi ma kansa da saura fari.»

Ta nemi ruwan sama ta wanke hannunta har gwiwa, ta tsoma shi cikin akwatin. Ta lalubo reshen dama, ta murza gansakukar, ta ɓalle shi ƙas. Ta ɓalle na tsakiya. Sannan ta kai ɗan yatsa kan gajeren, ta shafa shi sau ɗaya kamar mai taɓa goshin mai barci. Ta fito da hannun ta haɗa yatsu biyu ta raba, sai ga yauƙi ya ja zare kamar na kuɓewa. Matacce ba ya yauƙi. Ta kai hanci ta shaƙa, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Hasken da ya ratso asabarin da na zare wa tsinkaye yana ta rawa a fuskarta. Can bakin titi Sule ya danna ham.

Gwaggo Hure ta kasa haƙuri ta ce, «Yaya, ɗaya cikin uku fa. Wannan rayuwa ce ko mutuwa?»

Hajiya ta buɗe ido ta ce, «Hure, ni ma ai ba duka na iso nan ba.»

Ta miƙa wa Gwaggo reshe ɗaya ta ce ta wanke ta ajiye, tunda ita farin ya fi burge ta. Ɗayan ta ba ni. Shi ne wannan da ke cikin gwangwanin lu'ulu'una, wanda kowannenku ya taɓa ɗauka ya ce kai, Baba, wannan ya yi kyau. Sannan ta ce da Ladi ta je wajen wance ta karɓo mata tukunyar miyarta, aro ta ba ta. Ta juyo wajena ta ce akwatin nan kwaltarsa ta tsufa, kuma in gajeren ya yi rassa wuri zai yi masa kaɗan, in zo mu auna babba.

Sule ya tashi mota ba fasinja, sai jarkokin da ya juye mana ruwansu, wayam a baya, suna ta bugun juna har ya sha kwana. Ni kuma na hau keke na tafi shago ɗauko katakon awo.